Origami mai launi biyu: tambayoyi da amsoshi ga mai son ƙirƙiro nasa

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu koyon ninkin takarda a nan Jos, 'yan makaranta da manya, musamman waɗanda hannunsu ya riga ya faɗa da yin tsuntsu da kwaɗo da jirgin ruwa, yanzu kuma suna son su fito da ƙirar kansu. Na tattara su wuri ɗaya, na ba kowace amsa gwargwadon nauyinta. Duk maganar a kan abu guda take: yadda za a sa takarda ɗaya, mai launi a fuska ɗaya da fari a ɗayar, ta nuna launukan nan biyu daidai inda ake so, ba almakashi, ba shafa fenti bayan an gama.

Malam, mene ne ainihin sauyin launi?

Shi ne ka tsara ninkinka yadda bayan takardar zai leƙo gaba a wurin da ka zaɓa. Farin ƙirjin hankaka, baƙin kunnen saniya, ratsin tuta, idon kifi. A yawancin siffofin da muka fara koya, bayan takarda abin ɓoyewa ne, in ya fito ma sai a ce aiki bai yi kyau ba. A nan kuwa kayan aiki ne, ana shirya masa wuri tun kafin a yi ninkin farko.

Me ya sa kullum kuke cewa launi daga gefe yake zuwa?

Saboda haka abin yake, kuma wanda bai riƙe wannan ba zai daɗe yana ɓata takarda. Shimfiɗa takarda farinta yana sama. Yi mata duk ninkin da ka ga dama a tsakiya, ka tattara, ka murɗa, ka kwantar. Muddin gefunanta huɗu suna can waje ba su hau kan aikin ba, fari kawai za ka gani. Dalili kuwa ninkin tsakiya bibbiyu yake tafiya: na farko ya kifar da takardar, na biyu ya dawo da ita, abin da aka kifar ɗin kuma ya ɓuya ƙarƙashin wanda ya dawo. Launin baya ba shi da hanyar zuwa gaba sai yankakken gefen takardar ya hauro da shi. Dubi mai babbar riga in ya naɗe hannunta ya ɗora a kafaɗa: shafin da tela ya sa a ciki ta bakin rigar yake bayyana, ba ya ɓullowa ta tsakiyar ƙirji.

Abin da wannan yake nufi ga mai ƙira shi ne gefen takarda ƙididdigagge ne. Takarda mai santimita 15 a kowane ɓangare, gefenta gaba ɗaya santimita 60 ne. A yawancin ƙira, duk layin da fari da launi za su haɗu a jikin siffarka, daga cikin 60 ɗin nan za a cire shi, haɗe da wanda zai tafi a hanya kafin gefen ya isa wurin. Ƙafafu da fukafukai su ma daga gefen nan suka fi son fitowa. Don haka tambayar farko ba "wane tushe zan yi amfani da shi?" ba ce. Tushe shi ne ninkin farko da ake gina siffa a kansa. Ka fara zana dabbar a littafi, ka ja layin da launi yake canzawa, ka auna tsawonsa, sannan ka duba ko takardar za ta ɗauka.

Da me ya kamata in fara?

Da tutar Najeriya. Michael Taiwo Akinkunmi ya zana ta a 1959, aka ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba 1960: kore, fari, kore, ratsi uku masu faɗi ɗaya, tsawonta ninki biyu na tsayinta. Samu takardar A4 ka shafa mata kore a fuska ɗaya, ta bushe. Kwantar da ita a gicciye, farin yana sama. Mai sabon hannu yakan raba ta uku, tunda ratsi uku yake nema, sai ya tarar ya rufe farin gaba ɗaya. Biyar ake raba ta. Kashi ɗaya na dama ya ninko ya rufe na kusa da shi, na hagu ma haka, na tsakiya ya zauna fari. Tsawon A4 santimita 29.7 ne, wato kowane kashi ya kusa 6, tutar ta fito da tsawon kusan 18. Tsayinta ya kamata ya zama 9, faɗin takardar kuma 21 ne, sai ka mai da 6 baya daga sama, 6 daga ƙasa.

Ninki huɗu ne kacal, amma darasin duka yana ciki. Ka ga koren nan biyu sun cinye kashi huɗu cikin biyar na tsawon takardar, biyu ana gani, biyu suna kwance ƙarƙashi ba sa aikin komai. Haka launi yake da tsada a kowace ƙira.

Yaya ake raba takarda biyar ba tare da rula ba?

Akwai dabarar da aka sani da sunan Shuzo Fujimoto na Japan. Ƙiyasta kashi ɗaya cikin biyar daga hagu, ka ɗan matse alama. Kawo gefen dama kan alamar, ka matse sabuwa. Sake kawo gefen dama kan sabuwar, ka matse ta uku: wannan ita ce kashi ɗaya cikin biyar daga dama, kuma kuskuren da ka yi a ƙiyasin farko ya ragu zuwa rubu'insa. Maimaita daga hagu, ka dawo kusa da alamar farko da wadda ta fi ta daidai. In kana da rula a kusa kuma, yi amfani da ita, ba laifi ba ne.

Wace dabba ce ta fi dacewa da wannan aiki?

Littattafan waje cike suke da dabbobin da ɗanmu bai taɓa gani ba sai a talabijin, alhali namu sun fi dacewa da takarda mai fuska biyu. Hankaka na farko: kai baƙi, fukafukai baƙi, wutsiya baƙa, farin ƙirji ya zagayo wuya. Shamuwa mai zuwa da damina, baƙa ce, cikinta fari. Farar saniyar Fulani, Bunaji, mai baƙin kunne da baƙin hanci. Ga kuma ragon Uda, wanda gabansa duhu ne, bayansa fari, sai ka ce an ja layi a tsakiyarsa.

Ga yadda hankaka yake fitowa a mafi sauƙin hanya. Ninke takardar biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, farin yana waje, baƙin yana ciki. Layin ninkin nan shi ne ƙirji. Buɗaɗɗun gefunan, na gaba da na baya, ka ninko kowanne waje zuwa wajen ƙirjin, amma kada su isa: baƙi ya fito, ga fukafukai, farin da ya rage tsakaninsu ya zama ƙirji. Tsinin sama ka buɗe shi kaɗan ka juya shi baibai, ya rufo kan wuyan ta waje, sai kai ya fito baƙi. Ka bar ɗan fari tsakanin kan da fukafukin. Tsinin ƙasa ma ka juya shi haka don wutsiya. Wannan ɗan farin na wuya shi ne hankakan. In ka rufe shi, ka yi baƙin tsuntsu ne kawai wanda ba a san sunansa ba. In ka bar shi, ƙaramin yaro daga bakin ƙofa zai kira sunan kafin ka faɗa.

Abin da nake so masu koyo su ɗauka ke nan. Je gidan zu da ke kusa da gidan tarihi, ko ka tsaya a kasuwar dabbobi gabanin babbar salla, ka tambayi kanka: wace alama ɗaya ce in an cire ta, dabbar nan ta daina zama ita? Ita za ka kashe wa gefen takarda. Sauran ka yafe.

To ragon Uda fa, ta ina ake kamo shi?

Layin da ya raba jikinsa biyu gefen takarda ne guda ɗaya da ya zagaye cikinsa, don haka tun kafin ka fara tushe kake samar da shi. Ninko kashi ɗaya cikin uku na tsawon takardar a kan sauran. Abin da ido zai gani yanzu rabi launi ne, rabi fari. In takardar 20 ce da 30, bayan ninkin nan ta koma 20 da 20, murabba'i daidai, sai ka ɗauke ta tamkar sabuwar takarda ka yi mata duk tushen dabba mai ƙafa huɗu da ka iya, in dai gadon bayan ragon zai ratsa layin launin a gicciye, fuskar mai launi biyu kuma ita ce a waje.

Sai dai rabi ɗaya falle biyu ne, ɗayan falle ɗaya, kuma kai ne za ka zaɓi wanda zai yi kauri. In ka fara da duhun a sama, abin da ya ninko fari ne, kaurin ya tafi ga ɗuwawu da ƙafafun baya, kan ya zauna siriri mai sauƙin sarrafawa. In ka fara da farin a sama, kaurin yana gaba. Wannan ya fi wuyar ninki, amma fallen da ke ciki ajiya ne: daga shi za ka iya jawo dogayen kunnuwa masu reto da ƙaho. Ga mai farawa na fi son na farko.

Zan iya sanin launin da zai fito kafin in ninke?

Ƙwarai. Warware duk wata siffa da ke kwanciya shafal, ka dubi layukan da suka rage a jikin takardar. Wannan ita ce taswirar ninki. Ɗauki fensir, ka shafe gida ɗaya, ka bar maƙwabcinsa, ka shafe na gaba, ta yadda duk layin da ka tsallaka sai an canza. Za ka zagaye takardar duka ba tare da gidaje biyu masu iyaka ɗaya sun yi karo ba. Gidajen da ka shafe su ne masu kallon sama in an ninke, sauran kuma kife suke, domin kowane ninki kifar da takarda yake yi.

Abin da ya sa ba a yin karo shi ne duk mahaɗar da ke cikin takardar, adadin layukan da suka haɗu a nan cika ne, ba mara ba. Ƙa'idar da ake jingina wa Jun Maekawa ta nuna dalili: a irin wannan mahaɗa, bambancin ninkin tudu (mai tasowa sama) da ninkin kwari (mai lotsawa ƙasa) biyu ne kullum, uku da ɗaya, ko huɗu da biyu, ko biyar da uku. Ka lura dai, ainihin layukan da aka ninke kaɗai za ka ƙirga, ban da waɗanda aka yi don alama aka warware.

Taswirar tana gaya maka wace fuska kowane gida yake nunawa, amma ba ta gaya maka wane ne a sama. Gida mai launin da kake so yana iya kasancewa a daidai wurin, wani falle ya danne shi. Sau da yawa duk aikin da ya rage shi ne canza jerin fallayen, na ƙasa ya dawo sama.

Na yi wa tsuntsuna kai daga tsakiyar takarda, ya ƙi canza launi. Me ya faru?

Ba abin da ya faru, ba zai canza ba ne. Duk wani reshe a siffa, ƙafa ko kai ko wutsiya ko fiffike, daga ɗayan wurare uku yake fitowa: kusurwa, ko gefe, ko tsakiya. Masu lissafin ƙira, irin su Toshiyuki Meguro a Japan da Robert Lang a Amurka, sun nuna a shekarun 1990 cewa kowane reshe da'ira yake ci a jikin takarda. Na kusurwa rubu'in da'ira, na gefe rabi, na tsakiya cikakkiya. Na kusurwa yana ɗauke da yankakken gefe ta ɓangare biyu, shi ya sa ya fi kowanne sauƙin juyawa, ya kuma fi siranta. Na gefe ma yana juyuwa. Na tsakiya rufaffe ne ta ko'ina, fuska ɗaya kawai zai iya nunawa, sai fa in ka jawo wani falle daga gefe ka lulluɓe shi.

Kusurwa huɗu kawai kake da su, don haka rabon su shi ne babbar shawara. A saniyar Bunaji, in ka ba ƙafafu huɗu kusurwa huɗu kamar yadda aka saba, kunnuwa da hanci sun rasa inda za su samo baƙi. Gara kai ya ɗauki kusurwa guda sukutum, wutsiya ta ɗauki wadda ke fuskantarta, ƙafafu su fito daga gefe.

Ina da siffar da na riga na ƙera mai launi ɗaya. Dole in rushe ta?

Ba dole ba. Fara leƙa cikinta: sau da yawa akwai falle da ke naɗe a jikin reshe wanda za a iya kwancewa a hankali a zagayo da shi ta ɗaya ɓangaren, ya nuna bayansa. Wannan kan buƙaci ka buɗe siffar kusan rabi sannan ka mai da ita, kuma a nan takarda ta fi yagewa, don haka a gwada da wadda ba a jin asararta.

In ba a samu ba, sai a ƙara takarda. Hanya ɗaya ita ce ninkin ambulan: kusurwoyi huɗu su haɗu a tsakiya, a sami sabon murabba'i mai rabin filin na farko, mai 15 ta koma kusan 10.6. Ka ninke siffarka a kan wannan, daga baya ka zaro kusurwoyin nan huɗu da ke ajiye, kowacce da gefenta. Siffar ta ƙanƙance, ta ƙara kauri, amma ka sami abin yin ido da kunne da ƙirji. Ɗaya hanyar ta fi tattali: siririn gefe kawai za ka ninke a ɓangare ɗaya ko biyu, inda ka san kana bukata. Kofato da bakin tsuntsu da bakin wutsiya ba sa neman fiye da haka.

Ratsin jakin dawa da ɗigon zabo fa?

A nan lissafi yake fara cizo. A ce tsayin jikin jakin dawanka santimita 4 ne a kowane ɓangare. Layi ɗaya da zai zagaya daga wannan ɓangare zuwa wancan 8 ke nan, kowane ratsi kuma layi biyu gare shi, 16. Takarda mai gefe 60 ba za ta cika ratsi huɗu ba, ko da an hana ƙafafu da kai komai. Shi ya sa masu yin irin wannan suke farawa da babbar takarda siririya, su yi wa gefen ninkin tattara sau da yawa, ya riƙa kai da komo a jikin dabbar, siffar ta fito 'yar ƙarama a kan girman takardar. John Montroll na Amurka ya fitar da littafi guda a 1993 kan irin wannan ƙira, kuma duk wanda ya ninke dabbobinsa masu ratsi ya san yadda suke cin takarda.

Allon wasan ces, mai gidaje baƙi da fari, shi ne ma'aunin da masana suka daɗe suna gwada ƙarfi a kai. Gida 8 ne a tsaye, 8 a kwance. Layukan ciki 7 ne ta nan, 7 ta can, kowanne tsawon gida 8, jimilla 112. In kowane layi gefen takarda ne, ba za a yi shi da takardar da ta gaza gida 28 a kowane ɓangare ba, ƙwararru kuwa da mai gida 32 suka iya. An daɗe ana ganin ba a tsallake wannan iyaka, sai a 2009 Erik Demaine da mahaifinsa Martin Demaine da Goran Konjevod da Robert Lang suka nuna cewa ga allon da ya haura gida 16 ana iya yi da takarda ƙasa da yadda ake zato. Dabarar ita ce ba kowace iyakar launi ba ce sai ta zama yankakken gefe. Ninkakken bakin reshe da aka kwantar kan ɗaya launin ma yana yin iyaka. Gefen ne dai ya kawo launin gaba, amma ba sai ya bi kowane layi da kansa ba. Wannan yana da amfani har a ƙananan ƙira.

Tun a 1999 ma Demaine ɗin nan biyu tare da Joseph Mitchell suka tabbatar a lissafi cewa duk wani zane mai launi biyu da miƙaƙƙun layuka ana iya ninke shi daga takarda guda, in girmanta ya isa. Sai dai abin da lissafi ya halatta daban, abin da yatsa zai iya daban. Ɗigon zabo ɗaruruwa ne, kowanne tsibiri ne da sai an kai masa tsinin reshe ko an buɗe masa 'yar taga tsakanin fallaye. Shawarata ka nemi takarda mai ɗigo-ɗigo, ka ajiye sauyin launin don kan zabon, wanda shi ne ya bambanta da jikin.

In ina son launi na uku fa?

Takarda fuska biyu gare ta. Ɗan jan tsuntsun nan na duwatsun Filato, wanda masana suka fara bayyanawa a 1998 kuma ake ganinsa a dajin Amurum wajen Laminga, ja ne ya rinjaye shi, kansa toka-toka, ga kuma baƙi. Gauraka ta fi shi yawan launi. Ko dai ka zaɓi biyu mafi ƙarfi ka bar sauran, ko ka shafa wa kusurwa ɗaya launi na uku tun kafin ninki, ko ka haɗa takarda biyu. Duk ana yi. Sharaɗin takarda ɗaya ba yanka ba manni zaɓi ne na masu yi a wannan zamani. Littafin ninki na Japan na 1797 da ake yawan ambata ma da yanka a cikinsa. Abin da ake nema kawai shi ne ka faɗi gaskiyar yadda ka yi in ka nuna aikin.

Ina zan sami takarda mai fuska biyu a Jos?

Ta musamman da ake yi a Japan ba ta cika samuwa ba, amma ba a rasa madadi. Don gwaji, tsohuwar kalanda ko takardar talla da aka buga a fuska ɗaya ta isa, haka ma A4 da aka goga wa fensir a baya. Takardar naɗe kyauta da ake sayarwa a shagunan littattafai wajen Taminus da titin Ahmadu Bello mai launi ce a gaba, fara a baya, siririya kuma. Nemi wadda ba ta da santsin leda, don mai santsin ba ta riƙe ninki. Masu maɗaba'a suna da injin yanka, in ka roƙe su za su yanka maka tari guda murabba'i daidai, wanda ya fi yankan reza. Kwali ka bar shi. A4 ma mai giram 80 ce a kowane murabba'in mita, da an kai falle takwas ta fara gardama.

Don aikin nunawa, haɗa taka. Siririyar takardar nan da ake samu cikin kwalin takalmi ko sabuwar riga, fara ɗaya, mai launi ɗaya. Dama sitati ruwa-ruwa, ya huce. Shimfiɗa ta farko a kan gilashi mai tsabta, shafa sitatin da burushi mai laushi daga tsakiya zuwa waje, ɗora ta biyu, kori iskar da ta maƙale, ka bar ta ta bushe sarai kafin ka ɓare. In baƙi da fari ka haɗa, baƙin zai huda farin ya mai da shi toka-toka. Maganinsa falle biyu na fari, ko a sa siririn alminiyam na girki a tsakani da gam, wanda kuma yake sa siffar ta tsaya inda aka lanƙwasa ta. Ƙaro yana mannewa, amma in ya bushe yana da saurin tsagewa a kan ninki, sitati ya fi shi.

Yanayin garin nan ma sai an yi la'akari da shi. Da hunturu, Disamba da Janairu, takarda takan bushe ƙamas, fentin da ke kanta ya tsage a kan layi, farin takardar ya fito a tsakiyar baƙin fiffike inda ba a gayyace shi ba. Kafin ka fara, sa ta cikin leda tare da ɗan ƙyalle mai danshi na ɗan lokaci, ba tare da sun taɓa juna ba. Da damina kuwa, Yuli da Agusta, haɗin sitati yakan daɗe bai bushe ba, in an yi sakaci ya yi fumfuna. Lokacin rani ya fi dacewa a haɗa takardar shekara a adana.

Ni ba na son yin siffar abu mai rai. Akwai abin da ya rage mini?

Hukuncin wannan na malamai ne, a tambaye su. Ta fuskar sana'a kuwa, filin da ya rage maka ya fi na dabbobi faɗi. Zanen hula, saƙar tabarma da faifai, zayyanar allo, adon bangon gine-ginen gargajiya da ke harabar gidan tarihin Jos wanda aka buɗe a 1952, duk zane ne na launi da kishiyarsa. Haruffa da lambobi da tutoci ma haka.

Irin wannan ado ma tsoho ne a ninkin takarda. Friedrich Fröbel na Jamus, wanda ya kafa tsarin makarantar ƙananan yara ya raɗa mata suna a 1840, yana sa yara su ninke kusurwoyi zuwa tsakiya, su riƙa mai da bakinsu waje ta hanyoyi daban-daban, a sami ado iri-iri daga tushe guda. Tsarinsa ya isa Japan a shekarun 1870, ya taimaka wajen yaɗuwar takarda murabba'i mai launi a makarantu. Gwada haka: ninkin ambulan sau biyu, sannan ka yi ta wasa da kunnuwan huɗu. Akwai kuma haɗe-haɗe irin na Mitsunobu Sonobe, inda guda 6 suke ba da akwati, guda 12 ko 30 su ba da ƙwallo mai tsini. In ka mai da bakin kowane guda waje kaɗan kafin ka haɗa, farin ratsi zai zagaye ƙwallon duka. Dagin Arewa ne ban ba mai farawa shawarar ya taɓa da takarda ɗaya ba, don iyakarsa doguwa ce ƙwarai, tana shiga tana fita. Da guntaye masu haɗuwa ya fi sauƙi.

Kwamfuta tana taimakawa?

Tana yi, bayan hannu ya gane. Oripa ta Jun Mitani da Oriedita kyauta suke a intanet. Ka zana taswirar ninki, su nuna maka yadda za ta kwanta da launin kowace fuska, su kuma nuna mahaɗar da ta saɓa ƙa'ida. TreeMaker ta Lang tana raba wa rassa fili, kuma kana iya umartarta ta ajiye wani reshe a gefe ko kusurwa, amma ba ta san kana neman farin ƙirji ba. Wannan shawarar taka ce.

Zan iya koyar da ƙirar wani, ko in sayar?

Na gargajiya na kowa ne. Na mai ƙirar da aka san sunansa, ka ambace shi in ka nuna, ka nemi izininsa in kuɗi zai shiga, kada kuma ka yaɗa hoton littafinsa a WhatsApp. In ka canza launin ƙirar wani kawai, ka ce ƙirarsa ce da gyaranka. Taka kuma ka zana matakanta da alamomin da Akira Yoshizawa ya fara, Samuel Randlett da Robert Harbin suka daidaita, ɗigo-ɗigon kwari da na tudu da kibiyoyi, ka kuma shafe fuskar launi a kowane mataki, domin a wannan fanni wanda ya fara da fuskar da ba ita ba zai gama da farin hankaka mai baƙin ƙirji.

Na gama, amma layin launin ya karkace, bakin fallen kuma yana ɗagawa. Me zan yi?

Karkacewar yawanci daga yanka take. A siffa mai launi ɗaya ba a lura da takardar da ta kauce da milimita ɗaya, a nan kuwa gefen da kansa ake kallo. Kafin ka fara, ninke ta kusurwa zuwa kusurwa ta hanyoyi biyu. In tsinin bai hau tsini ba, sake yanka. Wani lokacin kuma kauri ne yake jan fallen waje baya yayin da aka ninke siffar biyu, sai ka bar masa 'yar rara tun farko, ya ɗan wuce inda kake so ya tsaya.

Ɗagawar kuwa, mai da ɗan siririn bakin fallen ƙarƙashinsa, kamar milimita biyu. Iyakar za ta fi kaifi, ta fi kwanciya, farin zaren yanka ma ya ɓuya. In akwai aljihu kusa, soka tsinin a ciki ya kulle. Takardar da aka haɗa da sitati tana da wani amfani a nan: taɓa ƙarƙashin fallen da burushi mai ɗan ruwa kaɗan, ka matse shi da abin shanya tufafi da aka sa wa ƙyalle don kada ya bar shaida, ka bar shi ya kwana. Sitatin da ke cikinta zai farka ya riƙe shi.